Lamarin Andy Ganteaume: Ɗan Kurket da Aka Ajiye Bayan Ya Ci Maki 112

A watan Fabrairu na 1948, a filin Queen's Park Oval da ke Port of Spain, babban birnin Trinidad, wani ma'aikacin gwamnati mai shekara 27 da ake kira Andrew Gordon Ganteaume ya wakilci West Indies, wato haɗaɗɗiyar tawagar yankunan Karebiyan da ke ƙarƙashin Birtaniya a lokacin, a wasan kurket na ƙasa da ƙasa a karo na farko. Ya ci maki 112 a kan Ingila, abin da yawancin 'yan wasa kan shafe shekaru suna nema ba su samu ba. Daga wannan ranar ba a sake saka shi a irin wannan wasa ba har ya tsufa ya ajiye sanda. Masu tattara alƙaluman kurket sukan ambaci sunansa a matsayin abin al'ajabi, domin matsakaicin makinsa ya zarce na Don Bradman na Ostiraliya, wanda duniya ta yarda babu kamarsa a bugu. Sai dai a ganina wannan alƙalami shi ne mafi ƙarancin muhimmanci a labarin. Abin da ya cancanci nazari shi ne yadda aka yanke wa mutum hukunci a kan gwaji ɗaya, gwajin da kuma ya ci, da irin hannayen da suke riƙe da ikon yanke hukuncin.

Da yake kurket ba wasa ba ne da ya yaɗu a tsakaninmu, ya kamata a ɗan share fage. Kowace tawaga tana da 'yan wasa goma sha ɗaya. Ɓangare ɗaya yana jifan ƙwallo yana tsaron fili, ɗayan kuma yana turo masu bugu biyu-biyu su kare turaku uku da aka kafa a bayansu, su kuma tara maki ta hanyar buga ƙwallon da gudu tsakanin turakun. Idan aka fitar da mai bugu, ya gama ke nan a wannan zagaye, babu dawowa. Mafi girman nau'in wasan shi ne wanda ake kira Test, wanda kan ɗauki kwana biyar, kowace tawaga ta yi bugu sau biyu, kuma idan lokaci ya ƙare ba a kammala ba sai a tashi canjaras ko da ɓangare ɗaya ya yi nisa a gaba. Saboda haka lokaci dukiya ne a wannan wasa, kuma a kan lokaci ne aka kafa tuhumar da aka yi wa Ganteaume. Ana fitar da matsakaicin makin ɗan wasa ne ta raba jimillar makinsa da adadin fitar da shi da aka yi. Bradman ya buga wasan Test 52, ya tara maki 6,996, matsakaicinsa 99.94. Ganteaume ya yi bugu sau ɗaya, an fitar da shi sau ɗaya, saboda haka nasa ya tsaya a 112.

An haife shi ranar 22 ga Janairu 1921 a unguwar Belmont ta Port of Spain, lokacin da Trinidad take ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Ya fara buga wa Trinidad wasan ajin farko, wato manyan wasannin da ake ɗaukar kwana uku ko fiye ana yi, a 1941 a karawa da Barbados, a matsayin mai tsaron bayan turaku, kuma duk da cewa can ƙasa aka saka shi a jerin masu bugu, ya ci 87. Daga baya aka matso da shi gaba ya zama mai buɗe bugu, wato ɗaya daga cikin mutum biyun farko da ke fuskantar sabuwar ƙwallo lokacin da take da tauri kuma masu jifa suke da cikakken ƙarfi. Ya kuma buga wa Trinidad ƙwallon ƙafa. A wancan zamani tsibiran Karebiyan ba su da gasar shekara-shekara da ta haɗa su duka, sai a tsakiyar shekarun 1960 aka kafa ta, don haka ɗan wasa kan iya shekara guda bai samu wasan ajin farko fiye da biyu ko uku ba. Duk wanda dama ta kuɓuce masa, yakan daɗe bai ga wata ba.

Tawagar da Ingila ta aiko Karebiyan a lokacin sanyin 1947 zuwa 1948 ba ta cika ƙarfi ba. An bar Denis Compton da Bill Edrich da Alec Bedser a gida, kyaftin ɗin kuma, Gubby Allen, yana da shekara 45, ya ji rauni tun a cikin jirgin ruwa kafin a iso. Raunuka suka yi ta bin 'yan wasan har sai da aka aika wa Len Hutton ya taso daga Ingila ya kawo ɗauki. Kafin wasan Test na biyu, baƙin sun kara da Trinidad sau biyu, kuma a nan Ganteaume ya nuna kansa: ya ci 101 da 47 ba a fitar da shi ba a wasan farko, sannan 5 da 90 a na biyu. Duk da haka ba ya cikin lissafin masu zaɓe. Gurbin buɗe bugu na Jeffrey Stollmeyer ne, wanda aka ma tsara shi zai jagoranci tawagar a wasan Trinidad. Sai Stollmeyer ya ji rauni dab da wasan, aka miƙa kyaftin ga Gerry Gomez, aka kira Ganteaume ya cike gurbi.

An fara wasan ranar 11 ga Fabrairu. Ingila ce ta fara bugu ta tara 362, kuma wanda ya ɗauki nauyin wannan jimilla shi ne Billy Griffith, mai tsaron bayan turaku na ko-ta-kwana da aka tura ya buɗe bugu saboda babu lafiyayyen da zai yi. Ya ci 140 cikin kusan awa shida, kuma wannan ne karo na farko da ya kai ɗari a wasan ajin farko. Da West Indies ta karɓi sanda, Ganteaume ya fito tare da George Carew na Barbados, dattijon ɗan wasa mai shekara 37 wanda ya taɓa buga Test guda tun 1935. Carew ya buɗe wuta tun daga farko, yana dukan ƙwallo ta kowace kusurwa, Ganteaume kuwa ya riƙe ɗaya ɓangaren a natse yana ba shi dama. Su biyun suka tara 173 kafin a fitar da Carew a kan 107. A rana ta uku Ganteaume ya ci gaba, Everton Weekes ya zo ya tafi, sai Frank Worrell ya shigo, shi ma ranar farkonsa ke nan a Test. Yayin da Ganteaume yake kusantar ɗari, gudun makinsa ya ragu, kamar yadda yakan faru da mai bugu idan ya hango wannan lamba. A lokacin ne Gomez ya aiko musu da 'yar takarda zuwa tsakiyar fili, yana cewa tawagar tana bayan agogo, su ƙara sauri. Ganteaume ya kai ɗarinsa, ya yi yunƙurin ƙara saurin da aka nema, ya ɗaga ƙwallo aka cafe, aka fitar da shi ke nan. Ya shafe kimanin awa huɗu da rabi a fili. Worrell ya ci 97, West Indies ta ƙare da 497, wato ratar maki 135.

A zagaye na biyu Jack Robertson ya tsaya wa Ingila da 133, suka kai 275, duk da ƙoƙarin Wilfred Ferguson wanda ya fitar da mutum goma sha ɗaya a wasan baki ɗaya. Abin da ya rage wa West Indies shi ne maki 141 cikin minti 57. Gomez ya sauya jeri, ya tura masu saurin duka gaba, Ganteaume bai fito ba. Aka tashi suna da 72, an fitar da mutum uku, wasa ya ƙare canjaras. Da aka sanar da tawagar wasa na uku da za a yi a Georgetown, babban birnin Giyana ta Birtaniya, babu sunansa.

Dalilin da aka riƙa maimaitawa shi ne nawa, wato ya yi jinkirin bugu har ya jawo wa tawaga asarar nasara. Stollmeyer da kansa ya rubuta daga baya cewa salon bugun Ganteaume a ƙarshen zagayen bai dace da halin da wasan yake ciki ba, shi ya sa kyaftin ya aika masa saƙo. Wannan magana tana da ɗan tushe, kuma bai kamata a yi watsi da ita don tausayi ba. Tawagar da take gaba tana bukatar ta tara maki da wuri domin ta bar wa masu jifanta isasshen lokacin fitar da abokan hamayya sau biyu, kuma da Ganteaume ya rage rabin awa daga zamansa, da minti 57 ɗin nan na ƙarshe ya zama kusan awa ɗaya da rabi. Amma idan aka auna tuhumar da sauran abubuwan da suka faru a filin, sai ta yi sauƙi ƙwarai. Maki 112 cikin awa huɗu da rabi ya kama kimanin 25 a kowace awa, wanda ba baƙon abu ba ne ga mai buɗe bugu a zamanin, kuma Griffith, wanda aka yi ta yabo a wasan nan guda, bai fi shi sauri ba. Aikin mai buɗewa shi ne ya gajiyar da masu jifa ya tsufar da ƙwallo, musamman idan abokin bugunsa yana kai hari kamar yadda Carew ya yi, kuma a bayansa akwai Weekes da Worrell da Clyde Walcott suna jiran shigowa. Ruwan sama ya cinye wani sashe na rana ta uku, wanda ba laifin kowa ba ne. Sannan takardar Gomez sunan mutum biyu ta ɗauka, Ganteaume da Worrell, amma mutum ɗaya kaɗai ta zame wa shaidar laifi. Abin da ya fi hana West Indies nasara shi ne daɗewar Robertson a zagaye na biyu, kuma wannan matsalar masu jifa ce.

Idan aka haɗa wasannin Trinidad biyu da na Test, Ganteaume ya ci maki 355 a bugu biyar a kan masu jifan Ingila cikin 'yan makonni. Mai karatu da ya fi sanin ƙwallon ƙafa zai iya kwatanta shi da ɗan wasan gaba da aka gayyata ya cike gurbi, ya zura ƙwallo biyu a wasansa na farko, sannan aka sallame shi da hujjar cewa yana daɗewa da ƙwallo a ƙafa.

Wanda ya karɓi gurbinsa a Georgetown shi ne John Goddard na Barbados, kuma a nan ne lamarin ya fara bayyana ainihin fuskarsa. Hukumar kurket ta West Indies ta riga ta raba kyaftin na wasanni huɗun tun kafin a fara: George Headley a Barbados da Jamaika, Stollmeyer a Trinidad, Goddard a Giyana ta Birtaniya. Saboda haka dole a nemar wa Goddard wuri, aka kuma tura shi ya buɗe bugu alhali ba aikinsa ba ne. Wato an cire ƙwararren mai buɗewa da ya ci ɗari a wasan da ya wuce domin a cika alkawarin shugabanci da aka yi wa wani. West Indies ta ci wasa na uku da na huɗu, ta lashe jerin da ci 2 da nema, kuma nasara takan rufe bakin masu tambaya.

Ba za a fahimci wannan rabon kyaftin ba sai an dubi yadda al'ummar tsibiran take a lokacin. West Indies ta fara buga Test a 1928, kuma mafi yawan gwanayenta baƙaƙen fata ne, amma shugabanci da kujerun zaɓe suna hannun fararen fata da masu hasken fata daga gidajen 'yan kasuwa da masu gonaki. Headley, wanda babu mai jayayya cewa shi ne gwanin bugun yankin tun shekarun 1930, sai a Janairun 1948 aka ba shi jagoranci, kuma wasa ɗaya ya samu ya yi kafin ciwon baya ya hana shi ci gaba. A Trinidad ma ƙungiyoyin wasa sun rabu bisa launi da matsayi, kamar yadda marubucin Trinidad C.L.R. James ya bayyana a littafinsa Beyond a Boundary na 1963: Queen's Park ta masu kuɗi ce, akasarinsu farare, kuma ita ke da babban filin, Maple ta masu matsakaicin hali ce masu ɗan haske, Shannon ta baƙaƙe ce masu ƙaramin aiki irin su malaman makaranta da akawu, Stingo kuma ta talakawa. Stollmeyer da Gomez 'yan Queen's Park ne. Goddard ɗan babban gidan kasuwanci ne a Barbados. Ganteaume ɗan Maple ne mai cin albashin gwamnati, ba shi da kowa a ɗakin da ake yanke shawara, kuma bisa abin da ya faɗa da bakinsa, ba mutum ba ne mai rusuna wa manya don neman shiga. Har ƙarshen rayuwarsa ya tsaya a kan cewa wannan hali nasa da matsayinsa su suka jawo masa abin da ya same shi, maganar nawa kuwa sutura ce aka yi wa hukuncin.

Adalci ya wajabta a kawo abin da ke raunana wannan bayani nasa. Carew baƙar fata ne, kuma shi an riƙe shi. Worrell da Weekes da Walcott duk baƙaƙe ne, kuma babu wanda ya tare musu hanya zuwa cikin tawaga. Mafi nauyi kuma, mutum biyun da suka mallaki gurbin buɗe bugu bayan haka, Stollmeyer da Allan Rae na Jamaika, sun yi aikin da ba a iya kushewa. A Indiya sun tara 239 tare a Madras, kuma a 1950 suna cikin ginshiƙan tawagar da ta doke Ingila 3 da 1 a gidanta, har da nasarar farko a filin Lord's da ke Landan. Babu mai hankalin da zai ce a raba su domin a saka Ganteaume. Ingilar da ya ci ɗari a kanta ma raunanniya ce, kuma jimillar aikinsa a wasannin ajin farko, maki 2,785 a wasa 50 da matsakaicin 34.81 da ɗari sau biyar, tana nuna ɗan wasa nagari wanda bai kai sahun fitattu ba.

To amma tambayar ba ta taɓa zama ko ya fi Stollmeyer da Rae ba. Tawagar da za ta yi tafiyar watanni takan ɗauki mai buɗewa na uku, kuma a nan ne rashin adalcin ya fito fili. A tafiyar Indiya ta 1948 zuwa 1949 an saka sunansa a jerin farko, aka cire shi a na ƙarshe, aka tafi da Carew wanda ya girme shi da fiye da shekara goma kuma wasansa ya zo gangara. A 1950 aka ɗauki matashi Roy Marshall, farar fata daga Barbados. Stollmeyer da kansa ya amince daga baya cewa Ganteaume bai yi sa'a ba da aka bar shi a tafiyar Indiya. Fahimtata ita ce tsarin wancan zamani ba ya hana baƙar fata shiga idan gwanintarsa ta kai inda ba a iya musunta ta, irin ta Worrell ko Weekes. Inda yake cizo shi ne a kan ɗan wasa mai kyau wanda ke bakin iyaka, wanda shigarsa ke bukatar wani a cikin ɗaki ya ce a ƙara gwada shi. Ɗan gidan manya da ke wannan matsayi yakan samu gwaji na biyu da na uku ko da ya faɗi a na farko. Griffith, abokin ɗarinsa a wancan wasa, ya sake buga wa Ingila Test biyu a Afirka ta Kudu, daga baya ya zama sakataren MCC, ƙungiyar da take jan ragamar kurket a Ingila a lokacin. Ganteaume bai faɗi ba, kuma bai samu na biyu ba.

Kiran da ya jira ya zo ne bayan shekara tara. A 1957 aka saka shi cikin tawagar da ta je Ingila, yana da shekara 36, kuma kyaftin ɗin shi ne Goddard, wanda aka dawo da shi alhali Worrell da Weekes da Walcott suna cikin tawagar. Tafiyar ba ta yi kyau ba, Ingila ta ci 3 da nema, kuma babbar matsalar West Indies ita ce rashin tsayayyun masu buɗe bugu. An gwada Bruce Pairaudeau, an gwada Rohan Kanhai, an gwada Garfield Sobers da Nyron Asgarali, har Worrell ya hau gaba ya ci 191 ba a fitar da shi ba a filin Trent Bridge. A wasa biyar ɗin ba a saka Ganteaume ko sau ɗaya ba. Gaskiya ne cewa a wasannin da ya buga da ƙungiyoyin gundumomi maki 800 ya tara da matsakaicin da bai kai 28 ba, wanda bai isa ya tilasta wa masu zaɓe ba. Sai dai wannan shi ne karo na farko da ya fuskanci damshin filayen Ingila, a shekarun da idon mai bugu da ƙafarsa suka fara ja baya. Ƙarfin da ya kamata a gwada shi ne na 1948 zuwa 1950, kuma an bar shi ya wuce a ofishin gwamnati da 'yan wasannin tsibiri da ba su taka kara sun karya ba.

Canjin da zai iya amfanarsa ya zo bayan lokacinsa. A 1960, bayan gangamin da James ya jagoranta a jaridar The Nation ta Trinidad, aka naɗa Worrell kyaftin na tafiyar Ostiraliya, ya zama baƙar fata na farko da aka damƙa wa jagorancin tawagar na cikakken jerin wasanni. Mutumin da ya tsaya tare da Ganteaume a tsakiyar fili ranar da takardar Gomez ta iso shi ne ya karya wannan shinge, amma a lokacin Ganteaume yana dab da shekara arba'in. Ya buga wasansa na ƙarshe na ajin farko a farkon shekarun 1960.

Mutum ɗaya ne kawai ya bi sahunsa wajen cin ɗari a Test guda tilo, wato Rodney Redmond na New Zealand, wanda ya ci 107 da 56 a kan Pakistan a Auckland a 1973. Shi Redmond an tafi da shi Ingila nan take bayan wasan, aka ba shi damar nuna kansa a wasannin share fage, matsalar ido da raguwar maki suka hana shi komawa. Ko da an yi masa gaggawa, an dai gwada shi a lokacin da yake kan ganiyarsa, abin da ba a yi wa Ganteaume ba.

Ganteaume ya daɗe bai rubuta nasa ɓangaren ba. Sai a 2007, yana da shekara 86, ya fitar da tarihin rayuwarsa mai suna My Story: The Other Side of the Coin, inda ya zargi masu riƙe da harkar kurket na zamaninsa, ya kuma musanta cewa nawa ce ta fitar da shi. A lokacin Stollmeyer ya rasu tun 1989, Gomez kuma tun 1996, don haka mutum biyun da suka fi kowa sanin abin da aka tattauna a ɗakin zaɓe ba su samu damar mayar da martani ba, kamar yadda shi ma ya shafe kusan shekara sittin ana karanta nasu bayanin ba tare da nasa ba. Ya rasu a Trinidad ranar 17 ga Fabrairu 2016 yana da shekara 95, kuma a lokacin shi ne mafi tsufa cikin waɗanda suka taɓa buga wa West Indies wasan Test.